Zafi, Gumi da Zazzaɓi a Kundin Jiragen da Suka Hau Kwara a 1841

A farkon Oktoba na 1841 wani jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Albert ya juya daga Eggan ta ƙasar Nufe, ya bi Kwara ya gangara teku. Likitan jirgin, James McWilliam, shi ne ke tsaye da taswira yana nuna inda za a bi. Can ƙasa wajen injin kuwa, William Stanger, wanda aka ɗauko don ya duba duwatsu da ƙasar yankin, ya buɗe littafin koyon injin tururi a gabansa, yana karantawa yana murɗa abin da littafin ya ce a murɗa. Kyaftin Henry Trotter na kwance, injiniyoyi na kwance, hafsoshin da suka san tuƙi na kwance. Cikin wata guda zazzaɓi ya kayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Da wuya a sami wata tawaga ta wancan zamani da ta kai wannan damuwa da iska. Sun auna zafinta, sun auna laimarta, sun tace ta, har magani suka ba ta kafin su shaƙa. Duk an rubuta a kundin jirgi da littattafan likitoci, rubutun kuma yana nan har yau. Wanda ya bi shi a tsanake zai ga yadda mutane ke rayuwa cikin akwatin ƙarfe a ƙarshen damina, zai kuma ga iyakar abin da ma'auni ke iya faɗa wa mai shi.

Asalin tafiyar

Thomas Fowell Buxton, jagoran masu yaƙi da cinikin bayi a Ingila, shi ya matsa aka shirya tafiyar. Ra'ayinsa shi ne a ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin Kwara su bar sayar da mutane, a kafa gonar gwaji, a buɗe cinikin auduga da manja. An yi babban taron neman goyon baya a Landan ran 1 ga Yuni 1840, mijin Sarauniya Victoria, Yarima Albert, ya shugabanci zaman. Kamfanin John Laird na Birkenhead ya ƙera jirage uku na ƙarfe masu tafiya da tururi: Albert a hannun Trotter, Wilberforce a hannun William Allen, da ƙaraminsu, Soudan, a hannun Bird Allen.

Ba su jahilci haɗarin ba. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander sun shiga wannan kogi da jirage biyu, Quorra da Alburkah, wato Kwara da Albarka, sunayen da suka aro daga bakin mutanen ƙasar. Turawa 48 suka tafi, 9 suka koma gida. William Allen yana cikin waɗanda suka tsira, kuma taswirar da ya zana a wancan karo ita ce a hannun McWilliam ranar da babu sauran matuƙi a tsaye.

A Saliyo suka ɗebi ma'aikata: 'yan ƙabilar Kru don aikin ƙarfi, da 'yantattun bayi masu jin harsunan cikin ƙasa don tafinta. Can ne Samuel Ajayi Crowther, wani 'yantaccen bawa Bayarabe, ya shiga, tare da wani Bajamushe ɗan mishan, James Schön, wanda ya riga ya fara koyon Hausa a bakin Hausawan da ke zaune a Saliyo. Bayan tafiyar, a 1843, ya buga littafin kalmomi da nahawun Hausa. Ke nan rubutun Hausa na boko ma yana da ɗan tarihi a cikin waɗannan jirage.

Abin da ake rubutawa a kundi

A jirgin sojan ruwa na wancan zamani, ana raba yini zuwa gadi na sa'a huɗu-huɗu, ana kaɗa ƙararrawa duk rabin sa'a. Hafsan da ke bakin aiki yana rubuta abin da ya faru a kan allo, daga baya a kwafe cikin kundi da tawada: daga ina iska ke busowa, ƙarfinta, inda aka dosa, zurfin ruwa, kwal nawa aka ƙona, ruwan sha nawa ya rage, gangar naman gishiri ta nawa aka fasa, wa aka hukunta, wa ya rasu. Tun Disamba 1838 hukumar sojan ruwa ta wajabta amfani da ma'aunin Francis Beaufort na ƙarfin iska, daga 0 zuwa 12, da haruffan da ke nuna ko sama ta yi garau, ko hadari, ko ruwa, ko hazo. Rubutu ne busasshe, babu kuka babu yabo. A littafin sunayen ma'aikata, haruffa biyu kawai ake sa wa mamaci, DD, ma'ana an sallame shi a mace.

Likita kuma yana da nasa littafin daban. A ciki yake rubuta sunan mara lafiya, ranar da ya kwanta, abin da aka ba shi, da yadda ta ƙare. Da yake likitocin lokacin sun ɗauka cuta daga yanayi take fitowa, su ne suka fi naci wajen rubuta awon zafi da laima. Waɗannan kundaye suna ajiye a gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew.

Zafin da gumi ba ya kashewa

Sai mutum ya fahimci irin zafin kafin ya fahimci rayuwar cikin jiragen. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Kano ko Zinder ya yada zango a Lakwaja da damina ya san bambancin a jikinsa. A Kano cikin Afrilu rana na iya kai digiri 40, amma in ka sami inuwa da ruwan sha, gumin da ka yi yana bushewa nan take, jiki ya huce. A Lakwaja ma'auni bai kai haka ba, amma riga na manne a baya, gumi na gangara bai tafiya ko'ina, ka yi fifita har hannu ya gaji ba ka ji sanyi ba.

Tulun ruwa na tsakar gida ya isa misali. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na shanye shi, shanyewar nan ita ke janye zafi daga cikin tulun. Da hunturu ko bazara, lokacin da iska ta bushe, ruwan tulu har haƙori yake kamawa. Da damina kuwa bayan tulun na nan jiƙe sharkaf, ruwan cikinsa ɗumi-ɗumi, domin iska ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar ƙari. Fatar ɗan Adam tulu ce. In gumi bai bushe ba, an yi asararsa ne kawai.

A kan wannan aka gina ma'aunin laima na jirgin ruwa. Ma'aunin zafi biyu ne a rataye kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya a bushe. Ɗayan an naɗe gindinsa da ƙyalle mai shara-shara, an zura lagwani daga ƙyallen zuwa cikin ɗan kofin ruwa, don ya zauna a jiƙe. Na jiƙen yakan kasance ƙasa da busasshen, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ke nuna yawan ƙishin iska. Ga lissafi: in zafi digiri 40 ne, laima kashi 10 cikin ɗari, jiƙaƙƙen ma'auni zai tsaya wajen 18 zuwa 19. In kuwa zafi 32 ne, laima kashi 80, zai nuna wajen 29. Ranar ta biyu, wadda a ido ta fi sauƙi da digiri takwas, ita ce ke galabaitar da mutum. Akwai kuma wata na'ura da Farfesa John Frederic Daniell na Landan ya ƙirƙiro a 1820, mai nuna matakin sanyin da raɓa ke fara sauka. Dukansu biyu ana amfani da su a lokacin wannan tafiya.

Ma'anar waɗannan lambobi ga jikin mutum ba ta fito fili ba sai bayan shekara sittin da 'yan kai. A 1905 John Scott Haldane ya shiga ramukan ma'adinai na Cornwall ya gwada a kansa da abokan aikinsa. Ya gano jiƙaƙƙen ma'auni ne ke faɗin gaskiyar wahala. Inda iska ba ta motsi, in ya wuce wajen digiri 25 da rabi aikin ƙarfi mai ɗorewa ba ya yiwuwa, in ya wuce 31 zafin jiki na hawa ko da mutum na zaune ba riga.

To a ɗora wannan a kan jirgin ƙarfe. Rana na dukan jikinsa tun hantsi, ƙarfen na shan zafi yana riƙewa har dare. A tsakiyarsa ga tukunyar injin da wutar da ba ta mutuwa muddin ana tafiya. Ɗakunan kwana ƙanana, rufinsu ƙasa-ƙasa, mutane cunkushe. A cikin rafukan bakin teku, itatuwa sun rufe hagu da dama, babu iskar teku da za ta ratso. Mai lafiya ma da ƙyar yake barci a irin wannan wuri, balle wanda jikinsa ke ci da zazzaɓi.

Maganin da aka yi wa iska

Imanin likitocin Turai a lokacin shi ne, zazzaɓin Afirka daga mugun tururi yake, wanda ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓen ganye in zafi da laima sun haɗu, musamman da dare. Daniell ɗin nan mai na'urar raɓa ya ƙara wa wannan imani ƙarfi. An kawo masa ruwan bakin kogunan Afirka ta Yamma a kwalabe, ya gwada, ya sami iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a ciki, ya ce ga alama ita ce gubar.

Saboda haka aka kira Dokta David Boswell Reid, wanda ke aikin shigar da iska a ginin majalisar dokokin Ingila, ya tsara wa jiragen hanyar numfashi. Ya bi ko'ina da bututu, ya sa fankoki waɗanda injin ke juyawa in ana tafiya, in an tsaya kuma a juya su da hannu. Aka ɗora wani babban akwatin ƙarfe da suka sa wa suna mai ma'anar "mai magani", iska na bi ta cikinsa a tace ta, ta ratsa sinadarai irin su kulorin, kafin a tura ta ɗakuna. Har an tanadi yadda za a janyo iskar daga can sama, inda ake ganin ta fi tsabta.

Ban ga dalilin raina wannan aiki ba. Mutane ne da suka ga abokansu sun mutu, suka tattara iyakar iliminsu don kada a maimaita. Iska mai motsi kuma tana rage wahalar zafi da gaske, Haldane ya tabbatar da haka daga baya. Matsalar ita ce an tsare ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba.

Hawan kogi

Jiragen sun ƙetare bakin Nun, ɗaya daga cikin rassan da Kwara ke bi ta shiga teku, ran 13 ga Agusta 1841, suka yi mako guda a nan suna shiri, suka fara hawa ran 20. An zaɓi wannan lokaci ne da gangan, domin sai Kwara ta cika jirgi mai nauyi ke iya wuce tudun yashi. Amma lokacin cikar kogi shi ne lokacin da kowane kwari ya zama kududdufi, sauro ya yi yawa. Bukatar jirgi da lafiyar mutanen cikinsa sun saɓa tun daga ranar farko.

Makonni biyun farko lafiya lau. Ran 28 ga Agusta suka sa hannu a yarjejeniya da Obi Ossai, sarkin Abo. Suka wuce Ida, inda suka yi yarjejeniya da Attah na Igala ran 6 ga Satumba, suka kuma sayi fili kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, wajen Lakwaja ta yau, a kan wuri 700,000, don gonar gwaji. McWilliam da abokan aikinsa na ta awo, suna ɗiban ruwan kogin suna gwadawa nan take. Iskar nan mai warin ƙwai ba su same ta ba. Ashe a cikin kwalba ta samu, lokacin da ruwan ya daɗe a hanya yana ruɓa kafin ya isa Landan. Wannan sakamako kaɗai ya isa ya girgiza tushen da aka gina akwatin maganin a kansa.

A Ida ne, ran 4 ga Satumba, zazzaɓin ya ɓulla. A yau lissafin a bayyane yake. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a jiki kafin ta nuna kanta. In aka ƙirga baya daga 4 ga Satumba, za a faɗa daidai dararen da suka kwana a rafukan bakin teku da kewayen Abo. Ranar da suke murna sun fito daga fadama sun iso ƙasa mai tuddai da iska mai daɗi, cutar ta riga ta yi kwanaki a jikinsu. Wannan jinkiri shi ya rikita masu awo. Suna duba yanayin ranar da mutum ya kwanta, alhali abin da ya kayar da shi ya faru kwana goma da suka wuce, a wani wuri daban.

Daga nan abin ya zama kamar wutar daji. Jiragen suka koma asibiti, aka jera marasa lafiya a saman jirgi ƙarƙashin rumfa da cikin ɗakunan hafsoshi. Maganin zamanin shi ne a aske kai, a ɗebi jini, a ɗora abin da ke tayar da bororo a fata, a ɗura maganin zaiba har baki ya yi ta zubar da yawu. Mutumin da gumi ya riga ya tsotse, amai ya ƙarasa, shi ake ƙara rage wa ruwan jiki. Kwinin kuwa yana cikin akwatin magani. Tun 1820 masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka fitar da shi daga ɓawon itacen sinkona. Amma an fi ba da shi a matsayin abin ƙarfafa jiki bayan zazzaɓi ya sauka. Likita ɗaya, Thomas Thomson, ya riƙa shan sa kullum don gwaji, bai kwanta ba muddin yana sha, sai bayan ya koma Ingila ya bari sannan zazzaɓin ya kama shi.

Ran 19 ga Satumba aka loda wa Soudan marasa lafiya aka tura shi teku. A bakin kogi ya yi sa'ar haɗuwa da jirgin Dolphin, wanda ya kwashe su zuwa tsibirin Ascension. Ran 21 Wilberforce ya bi baya. Trotter ya ƙi juyawa. Ya ɗauki Bird Allen da Schön da Crowther a Albert, ya nufi Raba, inda Fulanin da ke mulkin Nufe suke, don ya san yarjejeniyar da ba ta kai can ba ba ta taɓa tushen cinikin ba. Ran 28 ga Satumba suka isa Eggan. Nan ƙarfi ya ƙare: kogi ya fara ja, Trotter ya kwanta, babu injiniyan da ke iya tsayuwa.

Saukowar ta fi komai tsanani. Kwal ya yi ƙaranci, sai itace, 'yan Kru ke sauka su saro su ɗauko su zuba. Da dare masu zazzaɓi na sambatu. Akawun kyaftin ya faɗa kogi cikin gigita, ma'aikata biyu baƙaƙe suka bi shi cikin duhu suka tsamo shi. Ɗaya daga cikin injiniyoyi shi ma ya faɗa, shi ba a same shi ba. Ran 13 ga Oktoba suka haɗu da John Beecroft, wani Bature ɗan kasuwa da ya san kogin, a jirginsa Ethiope, ya taimaka musu suka fita, suka isa tsibirin Fanando Po, wanda yanzu ake kira Biyoko, ran 17. Bird Allen ya rasu a can ran 25 ga watan. Masanin tsirrai na tawagar, Theodor Vogel, ya bi shi a Disamba.

Alƙaluman da aka tattara sun nuna cikin Turawa 145, mutum 130 sun kamu, 40 zazzaɓin ya kashe. Baƙaƙen fata 158 ne a jiragen. Mutum 11 kawai suka kamu, dukansu cikin waɗanda aka ɗauko daga Ingila, kuma babu wanda ya mutu. Jirgi ɗaya, zafi ɗaya, laima ɗaya, hasali ma su ne ke aikin da ya fi zafi. Da iska ce gubar, da ba ta zaɓi wanda za ta kashe ba. Waɗanda suka tashi a bakin tekun Afirka ta Yamma sun sha fama da cutar tun suna yara, jikinsu ya sami kariya, wanda ya daɗe a Turai kuma kariyar tasa ta yi rauni.

Inda aka rataye ma'aunin

Abin da ya fi tsaya mini a rai a irin waɗannan kundaye shi ne wurin da ake yin awon. Ma'auni yakan kasance inda hafsa zai iya karanta shi cikin sauƙi: a inuwa, a saman jirgi ko kusa da ɗakin kyaftin. Lambar da ta shiga kundi ta wannan wuri ce. Mai zuba itace a bakin wuta, mai juya fanka da hannu, mara lafiyar da ke kwance a lungu jikin ƙarfe, kowannensu yana cikin wani yanayi daban da bai shiga layin awo ba. Sai dai a tsinkayo shi daga wasu layukan: yawan ruwan da aka sha, yawan sunayen da ke littafin likita, ranar da aka kasa tayar da injin don babu hannu.

Wannan magana tana da amfani yanzu, domin tsofaffin kundayen sun sake samun masu karatu. Bayan taron Brussels na 1853, wanda Matthew Maury na sojan ruwan Amurka ya jawo, ƙasashe suka amince da tsari ɗaya na rubuta yanayi a teku. Ya zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin yaƙin Birtaniya na rubuta nauyin iska, busasshen ma'auni, jiƙaƙƙen ma'auni da zafin ruwan teku duk sa'a huɗu. A Oktoba 2010 aka buɗe shirin Old Weather a intanet, tare da hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, dubban masu sa kai suka zauna suna kwafe waɗannan shafuka, don masu binciken sauyin yanayi su san yadda teku take shekara ɗari da suka wuce.

Mai irin wannan aiki, in ya ci karo da jiƙaƙƙen ma'auni da ya haura sama ƙwarai a Bahar Maliya ko Tekun Fasha, dole ya tsaya ya yi tambaya kafin ya gaskata. A 2010 Steven Sherwood da Matthew Huber suka nuna cewa digiri 35 a jiƙaƙƙen ma'auni shi ne iyakar da jiki ba ya iya fitar da zafinsa ko kaɗan, gwaje-gwajen da aka yi daga baya a kan matasa masu lafiya a Amurka kuma sun nuna matsalar na farawa tun wajen 31. Wani bincike na 2020 ya sami wurare biyu da suka taɓa ƙetare 35 na ɗan lokaci, Jacobabad a Pakistan da Ras al-Khaimah a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Abu ne mai wuyar aukuwa. A jirgi kuwa hanyoyin kuskure suna da yawa, kuma kusan dukansu sama suke tura lambar. In yaron da aka sa ya manta bai zuba ruwa a kofin ba, lagwani ya bushe, ma'aunan biyu za su nuna abu ɗaya, kundi ya ce iska ta cika da laima alhali ba haka ba ne. In gishirin teku ya daskare a ƙyallen, ruwan ba ya bushewa yadda ya kamata. In an rataye shi inda iska ba ta wucewa, ko kusa da bututun hayaƙi, haka nan. Hanyar tantancewa ita ce a duba awon da ke gaba da na baya, a duba zafin ruwan teku na wannan sa'a, a duba jirgin da ke kusa, sannan a buɗe shafin bayanai a ga ko an rubuta mutane sun faɗi. Ranar da zafi ya kai wannan matsayi da gaske, ba ta ɓuya a littafin likita.

Wanda ya sake karanta littattafan

Littattafan likitocin ba su tafi a banza ba. Wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya zauna da rahotannin jiragen da suka yi aiki a gaɓar Afirka ta Yamma shekara da shekaru, ya kwatanta su. Maimakon ya tsaya kan yadda iska take ranar da mutum ya kwanta, ya duba me aka ba shi, yaushe, kuma me ya biyo baya. A rahotonsa na 1847 ya nuna ɗiban jini da maganin zaiba ba sa ceto, ya kuma ba da shawara duk wanda zai sauka gaɓa ko ya shiga kogi ya sha kwinin kullum, ya ci gaba da sha har mako biyu bayan ya dawo. Bai san sauro ba ne. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jini a Aljeriya, sai a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Amma shawarar Bryson ta rufe daidai tazarar kwanakin nan da ta ruɗi mutanen 1841.

A 1854 Macgregor Laird ya sake tura jirgi, Pleiad. Beecroft ne zai jagoranta, ya rasu kafin jirgin ya iso, ragamar ta faɗa hannun wani likitan sojan ruwa, William Balfour Baikie. Turawa 12 ne a ciki da 'yan Afirka sama da 50. Shi ma jirgin ƙarfe ne, shi ma da damina ya shiga, a watan Yuli, ya bi ta rafukan nan, ya wuce Abo da Ida, ya kai mahaɗa ya juya cikin Binuwai, ya yi nisan da wani jirgin Turawa bai taɓa yi ba. Zafin da gumin suna nan yadda McWilliam ya bar su. Kowace rana Baikie na sa Turawan su sha kwinin. Crowther, wanda ya ga yadda aka yi ta binne mutane shekara 13 da suka wuce, yana cikin jirgin. Suka fito teku a watan Nuwamba bayan kwana 118 a cikin kogi, ba a binne kowa ba.